Gobarar Majami'ar Notre-Dame Da Aikin Masu Kula Da Gidan Ubangiji

 An ba ni kan magana a kan kula da ginin majami'a da kayan da ke cikinta. Na ga ya fi kyau in kawo muku labarin majami'a guda ɗaya, mu bi shi tare a hankali, mu ga abin da ya cece ta da abin da ya kusa hallaka ta.

Majami'ar ita ce Notre-Dame, a birnin Paris ta ƙasar Faransa. Ta 'yan'uwanmu Katolika ce. An aza harsashinta a shekarar 1163, aka yi ta gini har wajen 1345. Ku lissafa: wanda ya haƙa tushe bai ga ƙarshen aiki ba, jikansa ma bai gani ba. Irin gininta shi ake kira Gotik, wato bango mai tsawo ƙwarai, da manyan tagogi na gilashi mai launi, da rufin dutse da aka ɗaura a kan baka mai tsini. Wanda ya taɓa shiga tsohon soro ya ɗaga kai ya ga bakan gizo, zai gane dabarar, sai dai tasu da dutse ce. A bisa wannan rufin dutse kuma akwai wani rufin na katako, na itacen oak, mai yawan gaske har suna kiransa "kurmi". An lulluɓe shi da dalma.

Ranar Litinin 15 ga Afrilu 2019, a makon da za a shiga Ista, wajen ƙarfe 6:20 na yamma, ƙararrawar gobara ta yi ƙara ana cikin sujada. Ma'aikacin da ke zaune gaban na'urar sabo ne a aikin. Aka tura mai gadi ya duba, sai ya nufi saman ɗakin ajiye kayan sujada, alhali wutar tana cikin kurmin nan na babban gini. Ya duba bai ga kome ba. Kafin a gane kuskure a hau inda wutar take, kusan rabin sa'a ta wuce, kuma a cikin wannan rufi babu bangon tare wuta, babu na'urar yayyafa ruwa. Kafin ƙarfe 8 na dare hasumiyar tsakiya, mai tsawon mita 96, ta karye ta faɗi, duniya tana kallo a talabijin. Masu bincike ba su sami alamar cewa wani ne ya cinna da gangan ba. Abin da suka fi zato shi ne wayar lantarki ko guntun sigari.

Dattawa, ina so ku riƙe wannan rabin sa'a. Na'ura tana nan, ta kuma yi aikinta. Abin da ya rasa shi ne mutumin da ya san ginin sosai har zai ji ƙara ya san inda zai nufa.

To, me ya tsira? 'Yan kwana-kwana ɗaruruwa sun yi fama da wutar, wasu daga cikinsu sun sa ransu a hannu suka hau hasumiyar arewa suka tare wutar, domin da katakon da ke riƙe da manyan ƙararrawa ya ci, da sun faɗo sun tafi da gaban ginin. Rufin dutsen nan da magina suka ɗaura shekara ɗari takwas da suka wuce ya tare yawancin katakon da ke ci, a wuri uku kawai ya ɓurma. Manyan tagogi uku masu kewaye kamar fure sun tsira. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, godiya ga Allah.

Kayan ciki kuwa, mutane suka yi layi suna miƙa wa juna hannu da hannu har waje. A cikinsu akwai limamin 'yan kwana-kwana, Fada Jean-Marc Fournier. Abin da suka fi ɗauka da daraja shi ne wani rawanin ƙaya da suke girmamawa a kan cewa shi ne aka sa wa Ubangijinmu. Na san wasunku za su ce mu ba mu yarda da girmama irin waɗannan abubuwa ba. Haka ne, ni ma ban zo in canza koyarwarmu ba. Amma ku lura, rawanin yana cikin akwatin ƙarfe a kulle, mai kula da buɗe shi kuma yana wajen gari a lokacin, sai da ya yi ta gudu ya iso. Ikkilisiya nawa ce a cikinmu da mabuɗin akwati yake hannun mutum ɗaya tak?

Akwai kuma abin da ya tsira domin an riga an yi masa aiki. Siffofin tagulla 16 da ke kewaye da hasumiyar, na manzanni goma sha biyu da alamun marubutan bishara huɗu, an sauke su don gyara kwana 4 kafin gobarar. Akwai manyan zane-zane da ƙungiyar maƙeran zinariya ta Paris take bayarwa baiko kusan kowace shekara a watan Mayu, daga 1630 zuwa 1707, yawancinsu labaran Ayyukan Manzanni ne. An yi 76, amma 13 ne suke cikin majami'ar a lokacin, sauran sun watse tun zamanin juyin juya hali. An kwashe su, an wanke, an gyara. Babban kayan kiɗansu mai bututu wajen 8,000 bai ƙone ba, amma ƙurar dalma ta shiga ko'ina a cikinsa, dalma kuwa guba ce. Dole aka kwance shi ɗaya bayan ɗaya aka goge.

Sai batun sake gini. Yaya za ka mai da rufin da ya zama toka yadda yake dā? A nan ne aikin wasu mutane da ba a kula da su ba ya fito. A 2014 wani matashin masanin gini, Rémi Fromont, da abokin karatunsa sun hau cikin kurmin nan suka auna katakon suka zana. Wani malamin jami'a a Amurka, Andrew Tallon, ya auna dukan ginin da na'urar haske ya ajiye a kwamfuta. Ya rasu a 2018, bai san amfanin da aikinsa zai yi ba. Aka kuma tarar har yanzu akwai kafintocin da suka iya sassaƙa gungume da gatari irin na mutanen dā, domin wasu sun ƙi barin sana'ar ta mutu. Aka sari itatuwan oak wajen 2,000, ma'aikata wajen 2,000 suka sa hannu. Gudummawa ta kai kusan Yuro miliyan 846, daga mutum 340,000 a ƙasashe 150. Ranar 7 ga Disamba 2024 Akbishop Laurent Ulrich ya buga ƙofar da sandarsa, aka buɗe. Sabon rufin yana da bangon tare wuta da na'urar fesa ruwa, abin da aka rasa a 2019.

'Yan'uwa, kada mu ruɗi kanmu. Majami'ar ƙauyenmu in ta ƙone, ba wata ƙasa da za ta aiko da Yuro. Notre-Dame ma mallakar gwamnatin Faransa ce, ikkilisiya amfani kawai take yi da ita. Tamu kuwa a wuyanmu take, sau da yawa kuma takardar fili ita kaɗai ce shaidarmu ranar da wani ya tashi ya ce wurin nasa ne. Muna da abin tsarewa. Akwai majami'ar ƙasa ta Wusasa tun zamanin Likita Miller, akwai tsofaffin Littafi Mai Tsarki na fassarar 1932 a akwatunan kakanninmu, akwai littattafan baftisma da na aure da gara take ci a ofishin fasto, waɗanda sunayen masu bi na fari a garuruwanmu suke ciki.

A 2 Sarakuna sura 12, sarki Yowash ya ga shekaru suna wucewa firistoci ba su gyara Haikali ba, sai aka huda murfin akwati aka ajiye, kuɗin gyara ya zama daban, ana ƙirga shi a gaban shaidu. Ina roƙon kowace majalisar dattawa ta yi haka. Kafin taronmu na gaba, a rubuta abin da ke cikin majami'a duka, a ɗauki hotonsa. A yi kwafin takardar fili da littattafan rajista, a ajiye a gidan wani dattijo da kuma ofishin gunduma. A kira mai gyaran lantarki na gaske ya hau silin ya duba waya, a raba janareto da jarkar mai da bangon majami'a. Mai gadi kuma a zaga da shi ko'ina har ya san ginin kamar ɗakinsa, a ba shi lambar wayar mutum uku, a kuma riƙa biyansa haƙƙinsa a kan lokaci.

Sakatare zai raba takardar da za a cika bayan addu'a. Ubangiji ya ba mu ikon aikatawa.