Goyo a Filin Tanis: Kukan Jariri da Al'adar Shiru

A yankin Deira, watau tsohon ɓangaren birnin Dubai da ke bakin mashigin ruwan nan da ya raba garin gida biyu, akwai wata ƙaramar unguwa mai suna Al Sabkha. Ma'anar sunan da Larabci ita ce fili mai gishiri, amma wanda ya je wurin yau ba zai ga gishiri ba, sai kantuna a jere, da masaukan baƙi, da tashar motocin safa, da kuma tashar ƙananan jiragen ruwa na katako waɗanda ake kira abra, masu ƙetarar da mutane zuwa Bur Dubai. Kasuwar zinariya da kasuwar Naif duk suna nan kusa. Saboda haka ne fatake daga Afirka ta Yamma suke yawan sauka a wannan yanki, har mutum yakan ji ana ciniki da Hausa a bakin titi kamar yana Kantin Kwari a Kano. Da yawa daga cikinsu mata ne masu sarin abaya da turare da gwal, kuma ba a rasa mai goyo a cikinsu.

'Yan kilomita kaɗan daga nan, a unguwar Garhoud kusa da filin jirgin sama, ake yin babbar gasar tanis ta Dubai a cikin watan Fabrairu. An fara gasar maza a shekarar 1993, ta mata kuwa a 2001, kuma babban filin da aka buɗe a 1996 an gina shi ne da kujeru kamar 5,000. A nan ne Roger Federer na ƙasar Suwizalan ya ci kofi har sau takwas, na ƙarshen kuwa, a 2019, shi ne kofinsa na 100 tun da ya shiga sana'ar. Novak Djokovic ya ci sau biyar. Ba abin mamaki ba ne idan magidanci da iyalinsa, mazauna Dubai ne ko baƙi masu fatauci, suka yi sha'awar su je su ba idonsu abinci. To, idan akwai jariri ɗan wata uku ko huɗu a hannu fa? A tafi da shi, ko a haƙura?

A ƙasar Hausa wannan tambaya ba ta cika tasowa ba. Da zarar mai jego ta yi arba'in, inda duk ta sa ƙafa goyonta yana bayanta, ko gidan biki ne, ko suna, ko asibiti, ko unguwa. An ce ɗa na kowa ne, saboda haka idan ya yi kuka a cikin taro sai wata ta miƙo hannu ta karɓe shi. Wasannin gargajiya kuma na amo ne. A dandalin dambe, ko a gasar kokawa ta neman takobi da ake yi a Jamhuriyar Nijar tun 1975, ga makaɗa, ga masu kirari, ga ihun 'yan kallo, kukan yaro ba wanda zai ji shi balle ya dame shi. Ko ƙwallon ƙafa ma haka take.

Tanis ta sha bamban da waɗannan duka. Asalinta wani wasa ne da ake yi a fadojin sarakunan Faransa da Ingila a cikin rufaffen ɗaki, sa'an nan a wajen 1874 aka fito da ita kan ciyawa a Ingila, aka kuma fara gasar Wimbledon a 1877. Tun daga can ta gaji ladabin yin shiru. Amma shirun ba na ƙasaita kaɗai ba ne, yana da amfani ga wasan kansa. Gwanin ɗan wasa yakan bugo ƙwallo da gudun da ya wuce kilomita 200 a cikin sa'a ɗaya, abokin karawarsa kuwa ba shi da ko sakan ɗaya cikakke na shirin tarewa. Da ido yake aiki, da kunne kuma, gama ƙarar ƙwallon sa'ad da ta bar igiyoyin abin bugu ita take gaya masa ƙarfin bugun da irin murɗawar da aka yi mata. Shi ya sa alƙalin wasa yakan nemi jama'a su yi tsit kafin a soma kowane bugu. A cikin irin wannan tsit, kukan jariri ɗaya yakan cika fili mai ɗaukar dubban mutane.

An sha ganin abin da wannan yake haifarwa. A gasar Miami ta Amurka a 2011, David Ferrer na ƙasar Sifen yana karawa da Mardy Fish, wani jariri yana ta kuka a cikin 'yan kallo. Da ya rasa maki sai haushi ya ɗebe shi, ya buga ƙwallo zuwa sashen da kukan yake fitowa. Allah ya kiyaye ba ta sami yaron ba, amma jama'a suka yi masa ihu, ya kuma sha kashi a wasan. A watan Agusta na 2025, a gasar Cincinnati, Emma Raducanu ta Ingila ta kai ƙara wurin alƙalin wasa cewa wani yaro ya daɗe yana kuka, alhali tana tsakiyar gumurzu da Aryna Sabalenka. Da aka tambaye ta ko so take a fitar da yaron, sai wasu 'yan kallo suka riga ta amsawa da cewa a fitar da shi. Mai sauraro yana iya kwatanta halin da iyayen suka shiga a wannan lokaci, idanun jama'a da na'urorin talabijin duk a kansu.

Mutane sukan rabu biyu a kan irin wannan. Wasu suna cewa ɗan wasan da ake biya maƙudan kuɗi ya kamata ya iya jure kukan yaro, kuma bai dace a tsare uwa a gida shekara guda don kawai ta haihu ba. Wasu kuma suna cewa wanda ya sayi tikiti da tsada yana da haƙƙin ya ga wasa cikin natsuwa. Kowanne yana da tasa gaskiyar. Sai dai a cikin gardamar akan manta da mutum na uku, wanda ba a yi shawara da shi ba, kuma ba abin da zai ƙaru da shi a wurin, watau jaririn kansa.

Jariri ba ya iya daidaita zafin jikinsa kamar babba. Ko da yake Fabrairu lokacin sanyi ne a Dubai, da rana zafi yakan kai awo 25 ko fiye a ma'aunin santigired, kuma kujerun filin da yawa a buɗe suke ga rana. Likitocin yara suna gargaɗi cewa kada a bar wanda bai kai wata shida ba a cikin rana kai tsaye. Lulluɓe keken jariri da mayafi don a yi masa inuwa ƙara masa zafi yake yi, domin iska ba ta shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa kaɗai ya ishe shi a watanni shida na farko, ba sai an ba shi ruwa ba, amma a cikin zafi zai nemi nono a kai a kai. Wasannin dare kuwa sukan fara bayan magariba, wani lokaci su doshi tsakar dare, ga iska mai sanyi, ga kiɗan lasifika a lokacin hutu, ga tafi da sowa da sukan ɓarke ba zato su firgita mai barci. Har wa yau, taron da ya haɗa mutane daga ƙasashe barkatai wuri ne na yaɗuwar mura da tari da ƙyanda, alhali a Nijeriya da Nijar sai yaro ya kai wata tara ake yi masa allurar rigakafin ƙyanda. Jaririn da bai kai wata uku ba, idan zafin jikinsa ya kai awo 38, to, maganar ganin likita ce nan take. Irin wannan dai barinsa a gida tare da uwarsa ko wata amintacciya shi ne daidai.

Wanda ya ɗan tasa kuma, aka ga lalle sai an je da shi, abu na farko shi ne a karanta sharuɗɗan tikiti kafin a biya kuɗi, domin kowace gasa da nata dokokin game da shekarun yara. A Wimbledon, alal misali, ana barin ƙananan yara su shiga harabar, amma ba a yarda wanda bai kai shekara biyar ba ya shiga manyan filayen.

Na biyu, a san yadda wasan yake tafiya. An kasa shi ne zango zango, kowane ƙaramin zango ana kiransa gem. 'Yan wasa sukan yi musayar gefe bayan gem na ɗaya, da na uku, da na biyar, haka har a gama, kuma ban da na farkon, sukan zauna su huta na sakan 90, watau minti ɗaya da rabi. Bisa al'ada a wannan ɗan lokaci ne masu tsaron ƙofa suke barin 'yan kallo su shiga ko su fita. Gem biyu kuwa suna iya cin minti goma ko fiye. Uwar da ta zauna a tsakiyar layi, yaro ya fara kuka ana cikin bugu, ta shiga tsaka mai wuya: in ta zauna ta dami jama'a, in ta tashi ta tayar da mutum goma. Saboda haka kujerar bakin hanya, can sama, kusa da ƙofa, kuma a inuwa, ta fi kujerar gaba mai tsada, wadda ƙwallo ma takan faɗa mata. Goyon baya da zane ba ya yiwuwa a kan kujera mai majingina, sai dai a rungume yaron a ƙirji, kuma hakan ya fi sauƙin ba shi nono da zarar ya motsa, tun bai buɗe baki ba.

Na uku, ba dole ne sai babban fili ba. A kwanakin farko na gasa akan yi wasanni da yawa a ƙananan filaye na gefe, ga kuma wuraren da gwanaye suke motsa jiki, inda mutum zai tsaya daga baya ya kalla, ya ja da baya sa'ad da ya ga dama. Daga Al Sabkha ma zuwan ba wuya: jirgin ƙasa na cikin gari yana da tarago na mata da yara, akwai kuma tasi masu rufi ruwan hoda waɗanda mata suke tuƙawa domin mata da iyali. Na huɗu, kada uwa ta je ita kaɗai. Idan maigida ne mai son kallon, to, shi ma ya shirya ɗaukar yaron ya fita da shi, su riƙa karɓa-karɓa. Sharaɗin da ya fi kowanne shi ne wannan: wanda ya shiga da jariri ya ƙudurta a ransa tun daga ƙofa cewa zai iya barin wasan a daidai inda ya fi daɗi, ba tare da ɓacin rai ba. Wanda ba zai iya wannan ba, talabijin ta ishe shi bana.

Kada a ɗauka cewa tanis tana ƙyamar iyaye mata. Evonne Goolagong ta Ostareliya ta ci Wimbledon a 1980 tana da 'ya. Kim Clijsters ta Beljiyam ta ci babbar gasar Amurka a 2009, aka kawo mata 'yarta cikin fili. Belinda Bencic, wadda ta ci gasar Dubai a 2019, ta haihu a 2024, sa'an nan a Fabrairun 2025 ta ci kofi a Abu Dhabi, ta yi bikin nasara da jaririyarta a hannu. A watan Maris na wannan shekarar kuma ƙungiyar tanis ta mata ta sanar da shirin biyan 'yan wasa kuɗin hutun haihuwa har na wata goma sha biyu. Abin lura shi ne, waɗannan yara ana fito da su tsakiyar fili ne bayan an buga ƙwallon ƙarshe, kuma a manyan gasa kamar Wimbledon akwai ɗakin reno domin 'ya'yan 'yan wasa.

Abin da aka tanadar wa 'yan wasa ya kamata masu shirya gasa su duba yadda za su tanadar wa 'yan kallo: ɗakin shayarwa mai sanyi, da wurin sauya wa yaro ƙyalle, da allon talabijin a inuwa inda uwa za ta ci gaba da kallo idan ta fito. Ta haka ba a kori kowa ba, ba a kuma ɓata wa kowa ba. Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan iyaye. Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Gasar za ta dawo baɗi da baɗin baɗaɗa, yaron da aka yi wa haƙuri yau kuwa, nan da shekara biyar ko shida shi ne zai zauna kusa da mahaifinsa yana tambayar wa ya ci.