Mu Bar Kifi Ya Yi Ƙwai



Yau magana ce a kan kifi. In ƙwai ya lalace, kifi ya ƙare.

A Amurka da Kanada akwai wani kifi mai suna salmon. Cikin tsakuwar kogi yake saka ƙwai. Da ya ragu, sai masana suka riƙa zuba ƙwansa a ƙananan akwatuna masu huda, suna binnewa cikin tsakuwa. In sun ƙyanƙyashe, sai 'ya'yan su fita su bi ruwa.

Mu ma muna da dabara. A Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934, ana hana su a Matan Fada sai lokacin biki. Shi ya sa kifi ke girma.

Karfasa takan tona gurbi a bakin ruwa. Tarwaɗa takan shiga fadama da damina don saka ƙwai. Kada mu zuba magimfa ko maganin ƙwari a rafi. Mu daina su da gidan sauro. Mu saki ƙananan kifi.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu ikon kiyayewa, amin.