Teɓa da Numfashin Mata a Madawa, Buza da Keita

 

Wani zai ce, a ƙasar da har yau ake kwantar da yara masu tamowa a asibitin Madawa, wa ke da bakin maganar ƙiba? Da gaskiyarsa. Matan da suka yi dakon duwatsu a tsaunukan Keita tun daga 1984, lokacin aikin farfaɗo da ƙasa, ba su san teɓa ba. Amma jikokinsu na birni fa? Mai abinci da ke wuni zaune, da ma'aikaciyar ofis, da matar kulle, abinci ya sauya musu, ga mai ga sukari, motsi kuwa ya ragu. Mu kuma sai yabo: ta yi ƙiba, maigida na kula da ita.

Huhu ba ya buɗe kansa. Akwai tsoka mai faɗi da ta raba ƙirji da ciki. Idan ta sauka ƙasa sai iska ta shiga. Kitsen da ya taru a ciki yakan tokare ta daga ƙasa, na ƙirji kuma ya danne haƙarƙari daga sama, kamar a ɗora buhun gero kan zugazugin maƙeri a ce ya hura wuta. Sai ƙasan huhu ya matse, ƙananan hanyoyin iska su riƙa rufewa. Shi ya sa Hajiya ke haki daga ɗaki zuwa bakin zaure, in ta kwanta rigingine kuma numfashi ya gagara sai ta tada kai da matashi biyu. Da dare ga minshari, numfashi ya ɗauke ya dawo, ta tashi da ciwon kai, ta wuni gyangyaɗi. Dariya muke yi wa minshari, alhali irin wannan yana jawo hawan jini.

Kitse kuma yana fitar da sinadaran da ke sa kumburi a hanyoyin iska. Wani bincike da aka wallafa a 1999 kan ma'aikatan jinya mata fiye da 85,000 a Amurka ya nuna masu ƙiba sun kusa ninka marasa ƙiba sau uku wajen kamuwa da asma. Waɗannan ba su san hayaƙin kara da itace a madafa mara taga ba, ba su san hazon hunturu ba. Namu matan duk sun haɗa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sha-ka-fashe. Yarinya za ta yi aure, sai a sayo mata ƙwayoyi wurin mai talla a kasuwa don ta ciko. Da yawansu dexamethasone ne, maganin da ke tara kitse a ciki da fuska da wuya, daidai wuraren da ke shaƙe numfashi, ya kuma raunana garkuwar jiki har tarin fuka ya sami ƙofa. Kumburi ne muke kira kyau.

Sikeli kaɗai ba ya faɗin komai, domin kitsen cinya bai kai na ciki illa ba. Ku ɗauki awon tela ku zagaya ƙugu daidai cibiya. In ya haura santimita 88 ga macen da ba ta da juna biyu, akwai haɗari. Ba a ce ta rame ba. Mai kilo 90 ta sauke biyar zuwa tara ma za ta ji ƙirji ya saki.

Ma'aikatan lafiya, ku ajiye awon nan kusa da na'urar gwajin jini. Magidanta, ku huda wa madafa taga, ku bar iyali su taka ƙasa. Iyaye mata, in an kawo wa amarya ƙwayar ƙiba, ku mayar wa mai ita.