Ma'anar Lafiya a Aikin Jinya



In Bahaushe ya gamu da ɗan'uwansa da safe, ba ya tsayawa ga tambayar jikinsa kaɗai. Sai ya tambaye shi kwana, da gajiya, da iyali, da aiki, har da ruwa in damina ce, amsar duka kuwa ita ce "lafiya". Watau tun kaka da kakanni mun san lafiya ta wuce rashin ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a tsarin mulkinta da ya fara aiki a 1948, ta fassara lafiya da cikakken jin daɗin jiki, da na hankali, da na zaman jama'a. Abin da za mu duba shi ne yadda wannan ma'ana ta shafi ma'aikacin jinya a ƙasar Kabi.

Mu ɗauki yaron masunci a Argungu, garin da bikin kamun kifinsa ya samo asali a 1934. Kogin da ke ciyar da gidansu shi ne kuma ke sa masa tsargiya, domin tsutsar cutar tana rayuwa a jikin dodon koɗi, ta shiga fatar mai wanka ko mai su. Ƙwayar magani tana kashe ta, amma in yaron ya koma ruwan nan gobe, cutar za ta dawo. Nas ɗin da ta ba da ƙwaya ta yi shiru, rabin aiki ta yi. Sauran rabin shi ne ta zauna da iyaye ta bayyana musu cewa fitsarin jini cuta ce, kada su ɗauke shi alamar balaga.

Misali na biyu ya fi wannan ciwo. A Gesse, cikin Birnin Kebbi, akwai cibiyar masu yoyon fitsari, lalurar da doguwar naƙuda kan jawo. Likita yana ɗinke inda ya yage, amma sau da yawa matar ta riga ta rasa jaririnta, miji ya sake ta, ƙawaye sun guje ta. In an sallame ta ba sana'a, ba mai karɓarta, za mu ce ta sami lafiya? Mai jinyar da ke kwana da ita a ɗaki, wadda ta san sunanta, ta saurari kukanta, ta yi magana da danginta, ita ce ke iya maido mata da mutuncinta.

Taron Alma-Ata na 1978 ya yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti kuma ya yi ƙoƙarin kai ta ƙauyuka lokacin da yake ministan lafiya daga 1985. Shekarar ta zo ta wuce, alkawarin bai cika ba.

To, 'yan'uwa, gobe mu ne a ofisoshi, mu ne masu tsara kasafin kuɗi. Nas guda mai duba ɗaki cike da marasa lafiya ba ta da lokacin sauraron kowa. Saboda haka in alƙalami ya zo hannunmu, mu tuna cewa ƙarin ma'aikatan jinya, da biyansu a kan kari, da ba su gidajen zama a karkara, suna cikin magani. Lafiya uwar jiki ce, mai hidimarta kuwa ya cancanci a kula da shi.