Kula da Majinyacin Daji da Aka Sa wa Robar Abinci

(Jawabin da sashenmu na raya karkara ya gabatar ga masu jinya da ungozomomi da 'yan sa-kai a Garbadu, ƙaramar hukumar Talata Mafara)

 

Abin da ya tara mu yau wata magana ce da muka sha ji a zauruka: wai in ka ga an sa wa mutum roba a hanci, to sai a fara neman likkafani. Wannan magana ta sa wani gida a yankin nan sun zare wa mahaifinsu roba da hannunsu, kwana biyu da dawowarsu daga asibiti. Dattijon manomin shinkafa ne a filayen madatsar Bakolori, ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro. 'Ya'yansa ba mugunta suka yi ba, kunyar masu zuwa dubiya suka ji, suna ganin kamar sun sallama shi. Ya yi kwana tara yana fama da kunu cokali-cokali, rabi ya wuce, rabi ya dawo da tari. Da lokacin gashinsa ya yi, likita ya ce jikin ba zai ɗauka ba, sai an sake gina shi. Aka mayar da roba, aka rasa makonni, ga kuɗin mota sau biyu.

To, me ya sa ake sa ta? Daji na baki, ko na harshe, ko na maƙogwaro, ko na maƙoshi, yana tare hanyar abinci. Maganin ma yana ƙara wahalar haɗiya. Gashin da ake yi da na'ura, irin wanda mutanenmu suke zuwa nema a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, yakan ɗauki mako 6 zuwa 7 in a wuya ko a ka ne, kwana 5 kowane mako. Daga mako na biyu ko na uku baki yakan yi gyambo, miyau ya kafe, abinci ya rasa ɗanɗano. Zafin kuma yakan kai ƙarshen tsananinsa mako ɗaya ko biyu bayan an gama gashin, lokacin da 'yan gida suke tsammanin an huta. Wanda ya rame a wannan tsakani shi ake dakatar wa magani, shi kuwa daji ba ya jira. Da yawa daga cikin waɗanda aka sa wa roba ana cire musu ita in baki ya warke suka koma cin tuwo.

Robar iri biyu ce. Akwai ta hanci, wadda take bi ta maƙoshi ta sauka tumbi. Ita ce muka fi gani. Ba ta daɗewa: mai kauri akan canza ta bayan kwana 7 zuwa 10, siririya mai laushi takan kai wata ɗaya ko fiye. Ku tambayi ranar canji kafin a sallame ku, ku rubuta a bango. Akwai kuma ta ciki, wadda ake huda fata a shigar kai tsaye cikin tumbi. Wani lokaci tiyata ake yi, wani lokaci kuma a bi ta baki da na'urar leƙa ciki, dabarar da wasu likitoci biyu, Gauderer da Ponsky, suka fara a Amurka a 1979. Mun san akwai masu cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura, in an taɓa shi sai ya fantsama. Abin da muka fi gani shi ne mutane suna zama gida da wannan tsoro har ciwon ya ci ƙarfinsu, sannan a je asibiti a makare, in an rasu a ɗora wa allura laifi.

Yanzu ga wurin da muke so ku buɗe kunne sosai, domin a nan ake rasa rai. Robar hanci tana iya zamewa daga tumbi ta koma hanyar numfashi, musamman bayan amai ko tari mai ƙarfi. In aka zuba kunu a wannan hali, huhu zai tafi. Kafin kowace ciyarwa a dubi alamar da nas ta yi a jikin robar daidai bakin hanci. In alamar ta matsa, ko filasta ta ɗaye, ko robar ta naɗe a cikin baki, kada a zuba ko ruwa. In an ba ku 'yar takardar gwaji mai canza launi, ku zuƙo ɗan ruwan ciki da sirinji ku ɗiga mata, lamba 5.5 ko ƙasa da haka ita ke nuna tumbi ne. Tsoma bakin roba a kofin ruwa don a ga ko zai yi kumfa, ko hura iska a kasa kunne a ciki, ba abin dogara ba ne, ko da kun ga wani ya yi. In kuma ana cikin zubawa majinyaci ya kama tari, ko numfashi ya sarƙe, ko muryarsa ta canza, a tsaya nan take.

Ba a ciyar da shi a kwance. A jingina shi da bango ko a tara masa matasai, ƙirji sama da ciki, ya zauna haka har aƙalla rabin awa bayan an gama, in ya iya awa ɗaya ya fi. Mai ciyarwa ta wanke hannu da sabulu. A fara da tafasasshen ruwan da ya huce, kamar mil 30, wato rabin babban sirinji, sannan abinci, sannan a sake bi da ruwa mil 30. A zare abin turawa na sirinjin a ɗaga shi sama, abincin ya gangara da kansa cikin minti 15 zuwa 20. Gaggawa ke kawo kumburin ciki da amai da zawo. Yawan abincin likita ne zai faɗa; sau da yawa yakan kama mil 200 zuwa 300, sau 5 ko 6 a yini. Wanda ya daɗe bai ci ba, da kaɗan ake fara masa a riƙa ƙarawa, domin cika wa mai tsohuwar yunwa ciki rana ɗaya yana iya taɓa zuciyarsa.

Abincin gwangwani da ake sayarwa don wannan aiki ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Amma farin koko shi kaɗai ba ya riƙe mutum, ruwa ne da ɗan gari. Abin da muke koyarwa shi ne garin nan da ake kira Tom Brown: awo 6 na gero ko dawa, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire wa waken ɓawo, a niƙa tare ya yi laushi. Duk ana samunsu a kasuwar Talata. A dama shi ya dahu, a fasa ƙwai a ciki tun yana kan wuta don ya nuna, a sa madarar gari da cokali ɗaya na man gyaɗa. A tace da rariya mai laushi sau biyu. Kaurinsa kada ya wuce yadda zai zubo daga ludayi ba yankewa, zafinsa kuma kamar wanda za a ba jariri. Mai ciwon suga ya faɗa wa likita kafin a tsara masa. Fura da ɗanyen nono a ajiye su tukuna, saboda gaya yana toshe roba, nonon da ba a tafasa ba kuma haɗari ne ga wanda magani ya raunana masa jini. Abin da aka dama ya wuce awa 2 a ajiye, a ba yara ko a zubar, kada a ɗura masa. Da zafin watan Afrilu ma ba ma son ya kai haka.

Bari mu faɗi kuskurenmu, don kada ku maimaita. Mu da kanmu muka ba wata baiwar Allah shawara ta riƙa ƙara garin zogale a kunun mijinta, muka manta ba mu ce ta tace bayan ta zuba ba. Kwana uku robar ta toshe da magariba. Kun san halin da hanyoyinmu suke ciki, ba mai fita da dare, sai da gari ya waye suka kama hanya, mutumin ya kwana ba abinci ba maganin zafi. Tun daga ranar muke cewa tacewa ita ce aiki na ƙarshe kafin sirinji. In ta toshe, a ja ruwan ɗumi a sirinji, a tura a hankali a janyo, a bar shi ya jiƙa kamar minti 20, a sake. Kada a zura tsinke ko waya, kada a danna da ƙarfi, kada a zuba lemon kwalba.

Magani ma haka. A tambayi mai ba da magani ko akwai na ruwa. In ƙwaya ce, a tambaya ko ana iya dakawa, domin akwai waɗanda aka yi su don su narke a hankali, dakansu yana sa ƙarfinsu ya fita gaba ɗaya. A ba da ɗaya bayan ɗaya da ruwa a tsakani, kada a haɗa da kunu. Jiƙe-jiƙe da garin sassaƙe ba su da wuri a cikin robar nan.

Masu robar ciki, kwanaki ukun farko su ne na sa ido. Ciwo mai tsanani lokacin ciyarwa, ko jini, ko abinci yana tsattsafowa ta gefen huda, a tsayar da komai a koma asibiti. Bayan haka aikin kullum ne: a wanke kewayen da tafasasshen ruwa da sabulu, a tsane da tsabtataccen ƙyalle, a bar wurin a bushe. Ban da man kaɗanya, ban da toka, ban da hoda. A naɗe robar a maƙale ta a jikin ciki da filasta don kada jikoki su ja. In ta fita, ramin yana iya fara rufewa cikin 'yan awoyi, saboda haka a rufe da ƙyalle mai tsabta a nufi asibiti mafi kusa, Babban Asibitin Talata Mafara ko Gusau, a riƙe robar da ta fita don su ga irinta. A makonnin farko musamman, kada kowa ya gwada mayar da ita a gida. Wanda kuma ake yi wa ƙarin ruwan maganin daji, in zazzaɓinsa ya kai 38 a ma'auni, wannan ba na jiran gobe ba ne, ko da kuna zaton cizon sauro ne.

Baki kuwa, ko ba a ci da shi, yana son wanka. A kurkure da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri kaɗan sau 4 ko fiye a yini, a goge haƙora da buroshi mai laushi. Goro da taba da barkono sai an warke. In likita ya yarda, ya riƙa haɗiyar ɗan ruwa ko kunu kowace rana, domin maƙogwaron da aka bari wata biyu ba aiki yakan yi tauri, cire robar ya yi jinkiri. In an hana, to an hana, kada tausayi ya sa a ba shi a ɓoye.

Wata 'yar'uwa ta tambaye mu a waje ko ya kamata a riƙa ɓoye masa in ana cin abinci. Mu dai a ganinmu a tambaye shi. Dattijon da muka fara ba ku labarinsa, bayan an mayar masa da roba, ya ce a riƙa fito da shi zaure lokacin tuwon dare, ana ci ana hira, shi kuma babban ɗansa yana riƙe masa da sirinji. Yakan ja rawani ya rufe filastar in baƙi sun zo. Kwana kaɗan masu dubiya suka daina kallon hancin. Ya gama gashinsa, bayan wata biyu da wani abu aka cire robar, ko da yake har yanzu sai da miya mai yawa yake haɗiye tuwo.

Roƙonmu ga magidanta shi ne kada a bar wa mace ɗaya wannan aiki. Ciyarwa sau 6, tafasa ruwa, niƙa, tacewa, wanke sirinji, ga girkin gida. Ranar da ta kwanta ciwo, wa ya iya? Kowane gida a samu mutum biyu da suka koya a gaban nas, ɗaya ya zama namiji in majinyacin namiji ne. A ajiye sirinji biyu da filasta ta ko-ta-kwana, da lambar wayar ɗakin da aka kwantar da shi. A riƙa auna nauyinsa mako-mako a ɗakin shan magani, a rubuta a bayan katinsa, a nuna wa likita.

Mun zo da sirinji da roba da kwalba da za ta tsaya a matsayin tumbi, ga kuma gari mun dama. In an sha ruwa, mata za su zauna ta wajen bishiya, maza a nan cikin aji, kowa sai ya zuba da hannunsa kafin ya tafi.