Jawabi a Taron Dattawa: Ɓangarori Biyu na Ƙwaƙwalwa da Ciwon Shanyewar Jiki



Zancen da ya tara mu yau ba baƙo ba ne. Kusan kowace ikilisiya tana da wani baba ko mama da ya wayi gari baki ya karkace, hannu ɗaya ya mutu, magana ta ƙi fita. Nan da nan sai mu ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa, har zumunci ya lalace saboda zargi. Bari mu duba abin da ke cikin kanmu tukuna.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba. A rabe take gida biyu, dama da hagu, kuma akwai gada mai zaren jijiya wajen miliyan 200 da ke haɗa su. Abin mamaki, ɓarin hagu ne ke juya gefen dama na jiki, ɓarin dama kuma ke juya gefen hagu.

A shekarar 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba wani mutum da yake gane magana amma ba ya iya furta kome sai “tan”. Bayan mutuwarsa aka iske lahani a gaban ɓarin hagu. A 1874 Carl Wernicke, Bajamushe, ya gano wani wuri a ɓarin hagun da ke taimaka wa fahimtar magana. Roger Sperry na Amurka kuwa ya sami lambar Nobel a 1981 saboda bincikensa a kan waɗanda aka yanke wa gadar nan don maganin farfaɗiya.

Ga yawancin mutane, magana tana ɓarin hagu. Ɓarin dama ya fi ƙarfi wajen gane fuska, da hanya, da yanayin murya. Amma tare suke aiki kullum, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka, idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ɓarin hagu, gefen dama ke shanyewa, magana kuma ta kan tafi. Idan a ɓarin dama ne, mutum zai iya cin rabin tuwon da ke kwano ya bar na hagu, bai ma lura da shi ba. Babban abin da ke jawo wannan ciwo shi ne hawan jini.

To, mene ne aikinmu? Na ɗaya, mu riƙa awon jini, mu rage gishiri, masu shan magani kada su daina don sun ji sauƙi. Na biyu, da zarar baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta rikice, a nufi asibiti nan take, a yi addu'a a hanya. Maganin narkar da gudan jini yana da amfani ne cikin awa huɗu da rabi na farko. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu, don zai iya shaƙewa. Na uku, kada mu yi hira a kansa kamar ba ya nan. Da yawa suna ji, suna ganewa. Wasu ma da suka kasa magana suna iya rera waƙar sujada da suka saba. Mu ziyarce su, mu rera tare.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.