Akwatin Awon Ruwa Na Bakin Famfo

Yau maganarmu a kan akwatin nan ce da ke rataye jikin sanda a bakin famfo, wanda yara ke ce wa rediyon ruwa.

Kun san an gama madatsar Jabal Awliya a kan Farin Nilu cikin 1937, kudu da Hartum, don a tare wa Masar ruwa. Sai a 1977 ta dawo hannun Sudan. Ruwan da ta tare shi famfo ke ɗagowa zuwa gonakinmu. In an buɗe ƙofofinta da rani ruwa ya kan ja baya, har bakin famfo ya kusa shan iska. Auduga kuwa in ta sha ƙishirwa tana cikin fure, sai furen ya zube. Dalili ke nan ake son sanin tsayin ruwa kowace rana.

Aikin akwatin ba wuya. Akwai ma'auni cikin bututun da aka kafa a ruwa. Shi ke ba akwati labari, akwati ya aika da lamba ofis ta wayar iska. Batir mai bolt 12 ke ba shi wuta, faifan da ke fuskantar rana shi ke cika batir. Eriya kuwa tilas ta kasance sama, ba itace ko gini tsakaninta da inda ta ke aikawa.

To, in akwati ya yi shiru, galibi ba abin tashin hankali ba ne. A fara duba faifan. Ƙurar habub ta kan lulluɓe shi, kashin tsuntsu ma haka, sai batir ya mace. A goge da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin ya yi zafi. Sa'an nan a duba kan batir ko ya yi farin gari, a bi waya ko ɓera ya ci, a ga ko iska ta karkata eriya. Kada kowa ya buɗe cikin akwatin, wannan na makaniki ne. Kada kuma a ɗaure jaki a sandar.

Amma abin da na fi jin tsoro shi ne akwatin da bai yi shiru ba, yana ta aikawa, alhali ƙarya ya ke yi. Laka ta kan toshe ƙofar bututun. Ciyawar ruwan nan mai shuɗin fure, wadda ta mamaye Farin Nilu tun 1958, ita ma ta kan taru ta rufe shi. In haka ta faru, ruwan cikin bututu ya tsaya wuri ɗaya, kogi na sauka, lamba ba ta motsi. Mutanen ofis su ga lamba ta zo, su zaci lafiya lau, famfo kuwa na jan laka.

Maganinsa allon awo, watau katakon nan mai zane da lambobi da ke tsaye cikin ruwa. Kowace safiya mutum ɗaya ya karanta shi, ya rubuta a littafi tare da kwanan wata. In na zo zagaye sai mu gwada da lambar ofis. In allo ya nuna ruwa ya sauka kwana 3 a jere, akwati kuwa na nan kan lamba ɗaya, kada ku jira ranar zagayena, ku aiko yaro ya kira ni mu yashe bututun.